"Zan kula da ke": samarin Latino a jami'o'in Amurka da maganar da kowa ke jiran wani ya fara

Nura (El Paso): Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Laraba, na ce bari in kawo shi nan tunda Allah Ya hore mana likitoci da malamai. Wasunku sun san ina digiri na biyu kan lafiyar al'umma a nan El Paso ta jihar Texas, bakin iyakar Amurka da Meziko, inda in ka hau tudu kana hango gidajen Juárez kamar ka miƙa hannu. Mafi yawan ɗaliban garin nan 'yan Latino ne, wato masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, a gida Sifaniyanci, a aji Turanci.

A zangon nan ina taimakawa a wani zama da ake yi da ɗalibai maza zalla. Ranar Laraba mu goma sha ɗaya ne. Mai jagorantar zaman ya jefa tambaya ɗaya: a cikinku wa ya taɓa fara yi wa budurwarsa ko matarsa maganar hana ɗaukar ciki, shi da bakinsa, kafin ita ta ɗauko? Hannu biyu suka tashi. Wani ya ce shi ma ai ya yi, don ya tambaye ta "¿te estás cuidando?", wato "kina kula da kanki?", ta ce eh. Aka ce da me take kula da kan nata, ƙwaya ko allura ko me? Ya yi shiru, sannan ya ce bai tambaya ba, kuma wata bakwai ke nan suna tare. Wani kuma ya ce shi ba ya buƙatar tambaya, ce mata yake "yo te cuido", ni zan kula da ke. Duk ɗakin aka yi dariya, ni kaɗai ban gane abin dariyar ba.

Samarin nan ba jahilai ba ne, akwai masu karatun injiniya da na aikin jinya a ciki. Me ya sa tambaya mai kalma biyar take fi musu jarrabawa wuya?

Anti Bilki (nas, Houston): Wa alaikumus salam. Nura ƙanina, abin da ya ba su dariya na san shi, shekaru ina jin sa a wurin aiki. In ka tambayi matar Meziko me take amfani da shi ta ce maka "mi esposo me cuida", mijina na kula da ni, ba wai yana saya mata magani ba ne. Azalo take nufi, yana zubarwa a waje. Farkon zuwana na sha rubuta "ba ta amfani da komai" a takarda, sai wata abokiyar aikina 'yar Salvador ta ja ni gefe ta fassara mini.

Ka ga kalmar daɗi gare ta a kunne, amma ga lissafin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ke bayarwa na yadda mutane ke amfani da abubuwan nan a zahiri, da mantuwa da kuskure da komai: a cikin mata 100 da suka dogara da azalo, kusan 20 kan ɗauki ciki cikin shekara guda. Kwaroron roba kusan 13. Ƙwayar sha kusan 7. Ashanar hannu da robar mahaifa ƙasa da 1. To wanda ya ce "zan kula da ke" ya ɗauki hanyar da ta fi kusan duka zubewa, ya kuma rufe bakin yarinyar da kalmar soyayya. Ta yaya za ta ce masa ba ta yarda da kulawarsa ba?

Malam Sani (Kano): Ni fa ban gane inda aka dosa ba. Saurayi da budurwa ba aure, ana zaune ana koya musu yadda za su yi abin ba tare da ciki ba. Sunan wannan zina ko a El Paso ko a Fagge. Nura, Allah Ya kai ka neman ilimi, ka kiyayi kanka.

Nura (El Paso): Amin Malam, na gode da nasiha, kuma ban ce halal ba ne. Amma biyu daga cikin goma sha ɗayan nan magidanta ne, ɗaya har da 'ya'ya biyu, yana aikin gini da rana yana zuwa aji da dare. Shi ma bai san abin da matarsa ke sha ba. Sauran kuma ba Musulmi ba ne, ba wa'azi aka ɗauke ni in yi musu ba. Abin da nake nazari shi ne shirun, don na lura auren ma bai warkar da shi ba.

Baban Ummi: Malam Sani ya shigo, kowa ya gyara zama 😂

Abdul (Kalifoniya): Amsar ai a fili take, machismo, wato taƙama da mazantaka. Shekara shida ina aiki da su a Fresno. Namiji a wurinsu ba ya tambaya, umarni yake bayarwa, yawan 'ya'ya kuma shi ne shaidar mazantaka. Ba wani dogon bincike.

Nura (El Paso): Yaya Abdul, da wannan amsar na shiga ɗakin, da ita kuma na sha kunya. Da aka ambaci kalmar sai wani yaro ɗan shekara 20 ya ce ya gaji da ita, duk wanda ya ga sunansa na Sifaniyanci ya riga ya yanke masa hukunci. Ya ce kakansa bai taɓa koya masa zama macho ba, caballero ya koya masa: mutumin kirki mai riƙe gida, mai kare mace, mai cika alkawari. Kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke son ɗa yanzu. Tsoro ma suke. Yawancinsu su ne na farko a danginsu da suka taka jami'a, uwa tana goge-goge a otal, uba yana kan rufin gidan mutane cikin zafin Texas, duk don wannan digirin. Ciki a shekara ta biyu rushewar gida guda ne.

Abin da na gano shi ne caballero ɗin ma yana hana magana. Mutumin kirki ba ya yi wa 'yar mutane tambayar da za ta sa ta jin kunya. In ya tambaye ta wace ƙwaya take sha, kamar ya ce ta saba. In ita ta fito da kwaroron roba daga jaka, tana tsoron ya ce a ina ta koya. Suna da kalma, vergüenza. Da aka fassara mini sai na ce ai wannan kunya ce, tamu sak.

Maryam (Maraɗi): Wannan na ƙarshen ya shige ni. Kenan mai zafin kai ba ya tambaya don ya fi ƙarfin tambaya, mai kirki ba ya tambaya don kada ya ɓata rai, ita dai a duk biyun ita ce da ɗaukar nauyin ita kaɗai.

Abdul (Kalifoniya): Waɗanda suka zo zaman da ƙafarsu ai su ne masu sauƙin. Masu machismon ba za ka gan su a ɗakin ba. Je ka tambayi 'yan matan su ba ka labarin masu cire kwaroron roba ana tsaka da abu ba da saninsu ba. Abin ya kai jihar nan ta yi doka a 2021, ita ce ta farko a Amurka, mace na iya kai ƙarar wanda ya yi mata haka ta nemi diyya.

Anti Bilki (nas, Houston): Gaskiyarka kan waɗanda ke zuwa zama, Abdul. Amma dokar nan ba don 'yan Latino aka yi ta ba, wannan mugun halin ba shi da ƙabila. Kuma 'yan Latino miliyan 62 ƙidayar Amurka ta 2020 ta samu, ɗan Kuba a Miami da ɗan Guatemala da ya iso jiya da wanda kakannin kakanninsa ke Texas tun tana ƙarƙashin Meziko. Fresno ba ta isa ta yi musu magana duka ba.

Likita Lawal: Na makara, ina tiyata. Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba, tarihi. Ƙwayar hana ɗaukar ciki da Amurka ta amince da ita a 1960, babban gwajinta a Puerto Rico aka fara shi a 1956, a unguwar Río Piedras, kan matan talakawa. Ƙarfin sinadarin ya ninka na ƙwayoyin yau sau da yawa, matan suna kukan jiri da amai da ciwon kai ana watsar da kukan, kuma ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi a jikinsu ba. A tsibirin dai, juya mahaifa ya yawaita har sunansa ya koma la operación kawai, wato "aikin". Wani bincike na 1965 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na iyaye mata masu shekara 20 zuwa 49 an yi musu.

Sai Los Angeles. Mata goma 'yan asalin Meziko suka kai ƙarar likitocin babban asibitin gundumar, shari'ar Madrigal da Quilligan, cewa an juya musu mahaifa bayan an sa su sa hannu kan takardar Turanci da ba su iya karantawa, wasu suna cikin naƙuda. A 1978 alƙali ya ba likitocin gaskiya. Matan sun faɗi shari'ar, amma hayaniyarta ta taimaka aka tsaurara ƙa'idar neman izini, har da bayar da takarda cikin harshen da mace ke ji. Jama'ar da aka yi wa haka, kada ka yi mamaki in maganar ta yi musu nauyi a baki.

Baban Ummi: Likita, da girmamawa, yaro ɗan shekara 19 da waya a hannu ina ya san 1956? Ni ko abin da ya faru a 2006 sai an tuna mini.

Likita Lawal: Bai san shekarar ba, amma ya san kakarsa tana cewa ƙwayoyin nan suna lalata mahaifa. Tsoro yakan daɗe bayan an manta dalilinsa. Mu da muka ga abin da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano a 1996 ya jawo wa allurar shan inna daga baya, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Nura (El Paso): Likita, wannan darasi ne, na kwafe shi. Amma in faɗi gaskiya ba wanda ya ambaci tarihi ranar. Abin da suka ambata ya fi haka ƙanƙanta. Dokar inshora ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta bar yaro ya zauna kan inshorar iyayensa har shekara 26, kuma yawancin tsare-tsaren suna biyan kuɗin hana ɗaukar ciki ba sai mace ta ƙara ko sisi ba. Sai dai kamfanin yakan aika wa mai inshorar takardar bayanin abin da aka biya. Mai inshorar kuwa baba ne ko mama. Wani ya ce budurwarsa ta fi tsoron takardar nan fiye da komai, don ba a ɗakin kwanan ɗalibai take ba, gida take komawa kullum, ɗaki ɗaya da ƙanwarta. Wasu kuma ba su da inshorar sam, Texas ce kan gaba a Amurka wajen yawan marasa ita.

Anti Bilki (nas, Houston): To ka faɗa musu abin da zai amfane su. Akwai asibitocin Title X, shirin gwamnatin tarayya na tsarin iyali, tun 1970 yake, suna karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, wanda ya kai 18 kuma sirrinsa nasa ne. Akwai Opill, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta shan kullum ta farko da aka amince a sayar ba takardar likita, a 2023 aka amince, a farkon 2024 ta shiga kantuna. Namiji ma zai iya ɗauka daga kanta ya biya. Plan B, ƙwayar gaggawa, ita ma haka, ana shan ta cikin awa 72 bayan saduwa, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta. Ka kuma nanata musu cewa duk waɗannan ba sa tare ciwon sanyi ko ƙanjamau, kwaroron roba ne kaɗai ke yin wannan.

Abin da ke ba ni haushi: wata uku na farko suna amfani da roba lafiya lau. Da an shaƙu sai a ajiye ta, wai an samu confianza, yarda. Daga ranar duk wanda ya ce a dawo da ita ya zama mai zargi ko abin zargi. Kuma ajiyewar ba zama aka yi aka yanke ba, wata rana ce kawai babu ita a aljihu.

Ishaya (Kafanchan): Na ga ba wanda ya taɓo coci, bari ɗan Katolika ya sa baki. Koyarwarmu a bayyane take, Fafaroma Paul na shida ya tabbatar da ita a 1968 cikin wasiƙar Humanae Vitae: ba ƙwaya, ba roba, azalon ma bai halatta ba. Abin da aka yarda ma'aurata su yi shi ne bin kwanakin mace, a ƙaurace a ranakun da za ta iya ɗauka. Abin da mutane ba sa lura da shi, wannan hanyar ta fi kowace buƙatar magana. Dole miji ya san ranar da ta fara al'ada, ya san lissafin, ya haƙura. Ni da matata shekara tara muna kai, na san kalandarta fiye da ranar albashina. Don haka wanda ya ce addini ne ya hana shi magana da matarsa, bai karanta addinin ba.

Sannan kada a ɗauka duk Latino ɗan Katolika ne. Cibiyar bincike ta Pew ta ce a 2010 kashi 67 cikin 100 na manyansu a Amurka Katolika ne, zuwa 2022 sun koma 43. Matasan da aka haifa a can su suka fi barin cocin. Sai dai barin coci daban, barin idon mama daban.

Malam Sani (Kano): Ishaya ya yi maganar da ta sa dole in dawo. Matsayina kan marasa aure bai canja ba. Amma kan ma'aurata, amana ce in faɗi abin da ke littafi. Hadisin Jabir yana cikin Bukhari da Muslim, cewa sun kasance suna yin azalo alhali Alƙur'ani yana sauka. Kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce namiji ba ya yin azalo ga matarsa 'ya sai da izininta. Izini kuwa ba a samunsa sai an buɗe baki an tambaya, tana da haƙƙi a haihuwa, tana da haƙƙi a jin daɗi. To magidancin nan naka mai aikin gini, da ɗalibina ne, da na ce masa "zan kula da ke" ba neman izini ba ne, sanarwa ce.

Maryam (Maraɗi): Allah Ya ƙara ilimi, Malam. To tambaya ga mazan zauren nan, kada kowa ya amsa a fili: wa ya taɓa neman izinin nan? Mu nan a asibiti mace za ta zo a sa mata ashana ta ce a sa inda hannun riga zai rufe. Wata kuma mijin ne ya aiko ta, amma ta bakin ƙanwarsa. A jihar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, ana tara magidanta su tattauna lafiyar matansu, ga shi ya bazu har wasu ƙasashe. Da na karanta labarin Nura sai na ga ai ita ce aka buɗe a El Paso, bambancin kawai su a aji suke zama mu a gindin bishiya.

Baban Ummi: Hajiya Maryam an ce kada a amsa a fili, to ni ma ban amsa ba. Network ɗina ma ba kyau.

Abdul (Kalifoniya): Ni dai har yanzu ina ganin ana wanke su da yawa. Amma zan yarda da abu ɗaya, lamba ba ta goyon bayana kan son tara 'ya'ya. Haihuwar 'yan matan Latino masu shekara 15 zuwa 19 ta haura 100 cikin 1000 a farkon shekarun 1990, yanzu wajen ashirin ce. Meziko kanta tun 1974 gwamnati ta rungumi tsarin iyali, har da taken "la familia pequeña vive mejor", ƙaramin iyali ya fi jin daɗi, mace da ke haihuwar kusan 7 a da yanzu ba ta kai 2 ba. Tambayata ita ce, a wannan saukar, nawa ne aikin mazan? Ina zargin matan ne suka yi abinsu shiru.

Anti Bilki (nas, Houston): Zarginka ya yi kusa da abin da nake gani. Shekarun nan duka, mazan da suka rako mace ɗakina don wannan maganar, suka zauna suka yi tambaya, ba su da yawa. Amma tun da kotun ƙoli ta soke hukuncin Roe, wanda ya ba da damar zubar da ciki a faɗin Amurka, a watan Yunin 2022, Texas kuma ta haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya, na fara ganin sabuwar fuska: saurayi a tsaye bakin ƙofa yana murza hula, yana tambaya ko ashanar tana da zafi. Ban ce soyayya ce ta ƙaru ba, wataƙila tsoro ne. Ni dai ina ba shi kujera.

Likita Lawal: A yi wa mazan adalci ta gefe ɗaya: abin da kimiyya ta miƙa musu kaɗan ne. Roba, azalo, sai ɗaure jijiyar maniyyi, wanda ba na ɗan shekara 20 ba ne. Akwai wani man shafawa a kafaɗa da ake gwadawa, mai rage ƙwayoyin maniyyi, amma bai iso kasuwa ba. Sai dai rashin ƙwayar maza bai hana ka sanin sunan wadda macen take sha ba, ko ka lura tana sa ta ciwon kai, ko ka biya rabin kuɗin.

Nura (El Paso): Jama'a na gode, ban zaci zai kai haka ba. Wani abu da na manta: bayan an tashi, yaron nan na "wata bakwai" ya tsaya yana taya ni tattara kujeru. Ya ce matsalarsa harshe ce. In ya yi maganar da Sifaniyanci sai ya ji kamar mamarsa na ɗakin, kalmomin ko dai na batsa ne ko na coci. In ya yi da Turanci sai ya ji kamar likita yana karanta takarda. Na yi dariya, sannan na gwada a zuciyata yadda zan faɗa da Hausa, sai dariyar ta tsaya.

Laraba mai zuwa an ce kowa ya zo da jimlar farko, wadda zai buɗe maganar da ita, a harshen da ya ga dama. Ni ma an ce in kawo tawa.

Maryam (Maraɗi): To me ka rubuta?

Nura (El Paso): Na rubuta uku na goge. Ta farko ta yi kama da tuhuma, ta biyu kamar sanarwar rediyo. Anti Bilki, ke da kike jin yadda mutane ke faɗa kullum, in kina da wadda ta taɓa yi miki daɗi a kunne ki turo mini kafin Talata da dare.

Anti Bilki (nas, Houston): Ina dutin dare yau, bari in sauka in yi tunani. Malam Sani ma ya kawo tasa, tunda shi ya ɗauko maganar izini.

Malam Sani (Kano): Ta ma'aurata kaɗai zan kawo.